Wa ya faɗa wa mai tauye mudu cewa laifi yake yi?

Duk wanda yake zuwa awo da kansa a garin nan na Kano, ba aike ba, ya san akwai kwano akwai kwano. Akwai wanda mai hatsi yake saye da shi in 'yan ƙauye sun kawo kaya, akwai kuma wanda yake zarowa in kai ka zo saye, wanda an ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki ko an rage masa baki kaɗan yadda in ba idonka ya saba ba har ka kai gida ba za ka lura ba. Ba duka 'yan kasuwa ba, kar a ce na ce, amma akwai su kuma kowa ya sani. Ni abin da ya fi ɗaukar min hankali a lamarin ba tauyewar ba ce, ɓoyewar ce. Ban taɓa ganin mai irin wannan kwanon ya ɗaga shi sama ya ce jama'a ku gani nawa ƙarami ne kuma haka na ga dama ba. Kullum yana ƙarƙashin buhu, kuma in dubunsa ta cika ba zai ce maka ai tauye mudu ba laifi ba ne, cewa zai yi yaron shago ne ya musanya, ko shi ma haka aka auna masa a inda ya saro, ko kuma ya haɗa ka da Allah ka rufa masa asiri.

Abin da ya sa na kawo wannan, akwai wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu ta bayan isha'i, wadda muke yi a ƙofar gidan wani dattijo tsohon ɗan kasuwar hatsi da duk muke ce wa Baba. Akwai mutum biyu da in suka haɗu to ranar ba zancen bal ba zancen siyasa. Ɗaya lauya ne, Barista muke ce masa, ɗayan malamin Islamiyya ne, Ustaz. Barista mutum ne mai sallarsa da azuminsa, amma ra'ayinsa shi ne babu wani abu wai shi daidai ko ba daidai ba da ya hau kan kowa da kowa a duniya, duk tarbiyya ce da al'adar inda aka haife ka, da a Tokyo uwarka ta haife ka da abin da kake jin kunyarsa yau daban ne. Shi kuma Ustaz cewa yake in ka cire wahayi to ba abin da ya rage, mutum da akuya ɗaya, gaskiya ta zama abu mai kyau ne kawai saboda Allah ya yi umarni da ita. Suna ta ɗaga wa juna murya har shayin ya huce, ni kuwa abin da nake gani shi ne su biyun magana ɗaya suke yi ba su sani ba: dukansu sun yarda cewa zuciyar ɗan Adam ita kaɗai ba ta san komai ba game da kyau da muni, bambancinsu kawai wa ya cika ta, al'ada ko littafi. Kuma a nan ɗin ne ban yarda da ko ɗaya a cikinsu ba.

Ranar da abin ya fi zafi Barista ne ya jefo tambaya. Ya ce, Malam, Allah ya hana zalunci ne don zalunci mummunan abu ne, ko kuwa zalunci ya zama mummuna ne don Allah ya hana shi? Wani daga gefe ya ce a'uzubillahi, Barista ka fara karatun Turawan nan naka ko. To gaskiya ne tambayar ta tsufa a wajen Turawa, Aflatun, masanin falsafar nan na Girkawa, shi ne ya saka irinta a bakin malaminsa Sukurat a birnin Atina fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Amma masu a'uzubillahi ba su san cewa malamanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai ruwa rana a kan wannan tambayar da kanta ba, kuma ba a ɓoye ba, tana nan cikin littattafan tauhidi da usulul fiƙhi, babin da ake tattauna ko hankali yana iya gane kyakkyawa da mummuna kafin shari'a ta zo.

Mu'utazilawa, mutanen Wasilu bn Aɗa'i na Basra wanda ya rasu a 131 bayan hijira, suka ce ƙwarai hankali yana ganewa, zalunci mummuna ne a karan kansa, gode wa wanda ya kyautata maka kyakkyawa ne a karan kansa, shari'a ta zo ne ta tabbatar ta kuma bayyana abin da hankali bai kai gare shi ba, har suka zarce suka ce wanda bai ji manzo ba ma za a kama shi da abin da hankalinsa ya nuna masa. Imam Abul Hasan Al-Ash'ari, wanda shi kansa a cikinsu ya tashi kafin ya bar su, ya rasu a 324, shi da almajiransa suka ce a'a, ba lada ba zunubi ba wajibi ba haram sai da shari'a. Kuma kar a raina musu hankali, abin da suke tsoro babba ne: in ka ce akwai wata doka ta kyau da muni da take tsaye da ƙafarta, to kamar ka ɗora wa Ubangiji wani alƙali ne a samansa. Sai Imam Maturidi can Samarƙandi, da kuma daga baya Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 728 da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, suka bi ta tsakiya kowa da irin salonsa. Abin da Ibn Taimiyya ya tsaya a kai shi ne ayyuka suna da kyau da muni na haƙiƙa kuma hankali yana iya hango da yawa daga ciki, amma azaba ba ta hawa kan mutum sai manzo ya zo masa, ya kafa hujja da ayar nan ta 15 a suratul Isra'i da ta ce Allah ba ya azabtarwa har sai ya aiko manzo.

Abin dariyar shi ne Ustaz ɗinmu ba ya minti biyar bai ce ƙala Shaikhul Islam ba, wato Ibn Taimiyya ya ce, kuma in ana maganar Ash'ariyyar da ake karantarwa a zaurukan cikin gari yakan ɗan taɓe baki, amma ga shi a wannan mas'alar ya kwana yana kare maganar Ash'arawa yana faɗa da ta Shaikhul Islam ɗin. Da na nuna masa sai ya ce zai duba. Har yanzu yana kan dubawa.

Ni dai maganar tsakiyar nan ce ta zauna min, ba don tana tsakiya ba, don tarihin da duk muka karanta a Islamiyya ba ya fahimtuwa sai da ita. Ka ɗauki hadisin Abu Sufyan da Hiraƙla da yake farko-farkon Bukhari. Abu Sufyan lokacin mushriki ne, shugaban masu yaƙar Annabi (SAW), Hiraƙla sarkin Rum ya tsayar da shi yana masa tambayoyi, abokan tafiyarsa na bayansa, kuma da bakinsa ya ce wallahi ba don kunyar kar a riƙa ba da labarin ya yi ƙarya ba da ya yi ƙarya a kansa. Wa ya koya masa wannan kunyar? Ba aya ba dai, tunda bai yarda da ayar ba a lokacin. Ka ɗauki Hilful Fuduli: wani baƙo daga Yaman ya kawo kaya Makka, Asi bn Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, baƙon ya ɗaga murya yana neman agaji, wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bn Jud'an suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Wannan kafin annabci ne da shekaru, Annabi (SAW) yana matashi ya halarta, kuma bayan Musulunci ya zo ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Kuma mutanen da suka laƙaba masa Al-Amin tun kafin wahayi, ai sai wanda ya san darajar amana ne yake yi wa mutum kirari da ita. Wanda ya fi taɓa ni ma shi ne yadda Alƙur'ani ya yi maganar 'ya mace da ake binnewa da rai, a suratut Takwir. Bai tsaya kawo dalili cewa kisan jaririya laifi ne ba, cewa kawai ya yi za a tambaye ta da wane laifi aka kashe ta. Tambayar ba za ta yi aiki a kan Balaraben jahiliyya ba sai in daman can cikin ransa ya san ba a kashe wanda bai yi komai ba.

Baba da bai cika saka baki ba ranar ya ce, ku yaran nan kuna wahalar da kanku, ni na yi shekaru ina sayen dawa a hannun Maguzawa a ƙauyukan kudancin Kano, mutumin da bai taɓa sa goshinsa a ƙasa ba, amma in ya ce maka buhun nan kwano kaza ne to ba sai ka sake aunawa ba, alhali akwai mai saje da carbi da sai na auna nasa a gabansa. Ustaz ya ce Baba ai wannan fiɗira ce. Baba ya ce to ka kira ta duk abin da ka ga dama, ni dai na ga tana aiki. Kuma in ka duba, Ustaz da ya ce fiɗira ya riga ya sauka daga kan maganarsa ta farko, don ma'anarta kenan akwai abin da Allah ya dasa a zuciya kafin littafi ya iso. Hadisi na 27 a Arba'una ma da yaranmu suke haddacewa cewa ya yi zunubi shi ne abin da ya sosu a ranka kuma ka ƙi mutane su gan shi. Kwanon ƙarƙashin buhu kenan.

To sai Barista. Shi makaminsa wani labari ne da Hirodotas, marubucin tarihin Girkawa, ya kawo: wai sarki Dariyus na Farisa ya kira Girkawan fadarsa ya ce nawa zan ba ku ku ci naman iyayenku in sun mutu, suka ce ko nawa ne ba za su iya ba. Sai ya kira wata ƙabila daga Indiya da su al'adarsu cinye gawar iyaye ce, ya ce nawa zan ba ku ku ƙona gawar iyayenku kamar yadda Girkawa suke yi, suka sa ihu suka ce ya daina faɗar wannan mummunar magana. Barista yakan gama ya buɗe hannu, wato kun gani, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma mutumina, sake kallon labarin mana. Me ya sa ɓangarorin biyu duka suka firgita? Saboda kowanne yana ganin an ce ya wulaƙanta mahaifinsa. Da a ce babu abin da suka haɗu a kai da ɗaya daga ciki ya ce ai gawa gawa ce ku yi yadda kuka so, a ba ni kuɗin. Ba wanda ya faɗi haka. Hanyar girmamawar ce ta bambanta. Mu nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari saboda kara, wata uwar a Landan kullum sai ta rungume nata ta faɗa masa tana son sa, Bayarabe ya kwanta wa babba mu mu durƙusa, ba wanda a cikinmu yake koya wa ɗansa cewa raina iyaye abin yabo ne.

Kuma wannan ba hasashena ba ne ni kaɗai. A 2019 wasu masu bincike a jami'ar Okusfod sun bi bayanan al'ummomi 60 daga sassan duniya, suka tarar da abubuwa bakwai da ake ɗauka kirki ne a ko'ina: taimakon dangi, taimakon jama'arka, rama alheri, jarumta, girmama na gaba, raba abu da adalci, da barin wa mutum kayansa. Imam Gazali da ya rasu tun 505 bayan hijira ya riga su faɗar makamancin haka da ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya, ya ce ba zai yiwu a sami wata shari'a da ake nufin gyaran mutane da ita ba ta hana kisa da sata da makamantansu ba.

Inda Barista yake da gaskiya, kuma ba na ƙwace masa, shi ne duk wanda ya ce zai rubuta doka ɗaya a layi ɗaya wadda ba ta da togiya ko ɗaya to zai sha kunya. Kant, Bajamushen nan masanin falsafa, ya gwada. A 1785 ya kawo ma'auni mai kyau ƙwarai, wai kafin ka aikata abu ka tambayi kanka ko za ka yarda kowa a duniya ya riƙa yin haka, wanda kusan shi ne abin da kakarka take nufi in ta ce in kai aka yi wa za ka ji daɗi? Amma da aka matsa masa, a 1797 sai ya rubuta cewa ko mai kisa ne ya ƙwanƙwasa ƙofarka yana tambayar ko abokinka da yake nema yana ciki, ba ka da damar yi masa ƙarya. A ajin falsafa wannan wasa ƙwaƙwalwa ne, a Kano kuwa ba wasa ba ne. Duk wanda ya yi wayo a garin nan ya ga rikicin 1991 ko na 2004 ko na 2011, kuma kusan kowace unguwa akwai gidan da aka ɓoye maƙwabci a ɗakin matar gida ko a bayan buhuna, maigida ya fito ƙofa ya kalli matasa da makamai ya ce ba kowa a nan, sun tafi tun safe. Akwai wanda zai ce wannan mutumin ya yi laifi? Malamanmu ba su ma tsaya a halal ba, Gazali da Nawawi cewa suka yi in azzalumi yana neman wanda ya ɓuya don ya kashe shi to ɓoye shi da ƙarya wajibi ne. Kuma a 2018 duk mun ji labarin Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, da ya shigar da mutum 262 yawancinsu Kirista cikin masallaci da gidansa ya tsaya a ƙofa ya ƙi matsawa. Musulmi ya ji ya ce ya kyauta, Kirista ya ce ya kyauta, wanda ba ruwansa da addini ma ya ce ya kyauta. Saboda haka togiyar ba ta rushe dokar ba, nuna mana ta yi cewa dokokin suna da manya da ƙanana, rai yana gaba da gaskiyar baki, kuma abin mamakin shi ne har a jerin ma mutane sun fi haɗuwa fiye da yadda Barista yake so ya yarda.

Ni a ganina rigimar gaske ba a kan dokar take ba sam. A kan wa dokar ta rufa take. Kowace al'umma ta ce kar a kashe, kar a sata, kar a ci amana, sannan a hankali ta ja layi ta ce amma wancan ba namu ba ne. A nan ake yin duk ɓarnar.

Barista yana son kawo takardar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin hujjarsa cewa abin da ake kira dokar kowa da kowa dokar masu ƙarfi ce kawai. An amince da ita a Paris ranar 10 ga Disamba 1948, ƙasashe 48 suka ɗaga hannu, 8 suka ƙaurace ciki har da Saudiyya da Tarayyar Sobiyet da Afirka ta Kudu, mu kuwa ba a ma tambaye mu ba don lokacin Ingila ce take mulkinmu, sai 1960 muka samu kanmu. Wato wasu daga cikin ƙasashen da suka amince cewa an haifi kowa da 'yanci, a ranar suna riƙe da rabin Afirka. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya kalli yadda ake auna jinin Gaza da yadda ake auna na wasu wuraren ya san abin bai canza ba sosai. Amma ka lura da abin da muke cewa in ranmu ya ɓaci: munafukai ne, suna da ma'auni biyu. To ai ba ka isa ka zargi mutum da ma'auni biyu ba sai ka yarda akwai ma'auni ɗaya da ya kamata ya hau kansa ya hau kanka. In da gaske kowa da al'adarsa ne, sai su ce mana to mu al'adarmu kenan, fifita namu, kuma ba mu da bakin magana. Barista da kansa in ana zancen Falasɗinu ya fi kowa ɗaga murya yana cewa zalunci ne, ban taɓa jin ya ce zalunci ne a al'adar Kanawa ba.

Kuma laifi tudu ne. Kasuwar Kurmi da muke alfahari da ita tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, an sayar da mutane a cikinta, da gandaye a kewayen birni da bayi suke nomawa, kuma bauta ba ta gama fita daga doka a Arewa ba sai 1936. Mutanen lokacin ba wai ba su san bautar da ɗa laifi ba ne, sun sani sarai, har Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa a farkon ƙarni na 17 yana lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne ba a bautar da su, ya ambaci Kano da Katsina da Barno, kuma ɗaya daga cikin kukan masu jihadi a kan sarakunan Haɓe shi ne ana kama 'ya'ya ana sayarwa. Dokar tana nan, gardamar ita ce wane ne ɗa. Ba sai mun je tarihi ba ma. A watan Maris 2025 da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida, duk Kano ba wanda ya tsaya tambayar a wace mazhabar falsafa kisan taron dangi yake laifi, kowa ya san ba a kashe mutum a titi ba shari'a ba bincike. Daidai ne kuma. Sai dai in irin haka ta faru a garinmu, an yi ihun ɓarawo an taru a kan wani yaro da ba wanda ya tabbatar da abin da ya yi, ko baƙo ne aka ce ya ce kaza, sai ka ji muryoyin nan sun yi ƙasa, an koma ai ba a san me ya faru ba, ai su ma suna yi mana.

To in zuciya ta san duk wannan, me wahayi ya zo yi? Nan ne nake komawa wajen Ustaz, don shi ma yana da rabonsa na gaskiya. Misalin da malamai suke bayarwa shi ne hankali kamar ido ne wahayi kuma haske, mai lafiyar ido in an ɗauke wuta lalube yake yi, makaho kuma ko ka kunna masa fitila ba ta amfane shi ba. Abu na farko da hasken yake yi shi ne goge layin nan da muke ja, ya ce maka kar ƙiyayyar wasu mutane ta sa ka ƙi yin adalci, kamar yadda ya zo a aya ta 8 a suratul Ma'ida, ya ce ka tsaya da gaskiya ko a kan kanka ne ko iyayenka. Wannan ba ya cikin abin da ɗan Adam yake tashi da shi cikin sauƙi, ka sake duba jerin bakwai ɗin nan na Okusfod, dangi ne da jama'arka a gaba, maƙiyi ba ya ciki. Abu na biyu kuma shi ne tambayar da Hiyum, wani masani ɗan Sikotilan, ya tayar tun wajen 1740, cewa daga "haka abu yake" ba ka isa ka tsallaka kai tsaye zuwa "haka ya kamata a yi" ba. Ko al'umma dubu ka ƙirga suka yarda amana abu ne mai kyau, ni da nake zaune ni kaɗai da kuɗin wani a hannuna ba wanda ya gan ni, me ya wajabta min? Masu cewa juyin halitta ne ya dasa mana haɗin kai don mu rayu sun bayyana min dalilin da ya sa nake jin sosuwar, ba su faɗa min dalilin da zai hana ni danne ta ba in na tabbata ba za a kama ni ba.

A 2023 wani matashi ɗan adaidaita sahu a garin nan ya tsinci kuɗin da suka kai naira miliyan 15 da fasinja ya manta a bayan mashin ɗinsa, ya ji cigiya a rediyo ya mayar. Gari ya ɗauka, aka yi ta yi masa kyauta, amma duk mun ji masu cewa wawa ne, Allah ya kawo masa hanyar fita daga talauci ya mayar da hannunsa. Na saurari masu wannan maganar da kyau, a shagon aski da wajen mai shayi, kuma ban ji ko ɗaya ya ce yaron ya yi laifi ba. Cewa suke ya yi asara. Sun san abin da ya yi shi ne daidai, abin da ba su gani ba shi ne dalilin da zai sa mutum ya yi daidai in zai cuce shi. Na ce wa Barista ka ga waɗannan su ne matsalarka ba Dariyus ba, don ba al'adarsu ce ta bambanta da ta yaron ba, unguwa ɗaya suka tashi makaranta ɗaya suka yi. Ya ce to ai su ma matsalar Ustaz ce, tunda dukansu sun yi imani da wuta da aljanna kuma bai hana su faɗa ba. Ustaz ya ce imani ai hawa-hawa ne. Baba ya ce shi tambaya ɗaya kawai yake so a yi wa masu cewa wawa ɗin: a cikinsu akwai masu shago a Kwari da Singa da suke ba da kayan miliyoyi bashi ba takarda ba sa hannu sai baki da baki, to ranar da za su tafi Umara, wa za su bar wa makullin shagon, yaron ko ɗaya daga cikin abokan da suka taya su yi masa dariya?